Saƙon murya ba hirar fada ba ne

A fadar samari a Tajaye, in an kai shayi na uku, baki kan saki. A taɓa magajin gari, a taɓa tsadar taki, a taɓa wanda ya ci kuɗin ƙungiya. Kafin garwashi ya mutu, maganar ta bi iska. To, wannan ɗabi'ar muka kwasa muka zuba a WhatsApp, inda magana ba ta bin iska. Saƙon da ka yi wa mutum goma bayan isha'i, kafin asuba ya ratsa Ƙonni ya shiga Illela ta Sakkwato, ya kai ga 'yan ci-rani a Abijan, da muryarka ɗin nan da kowa ya sani.

Hukuma ma tana ji. A 2019 Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet. Da ita aka kama 'yar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020, kan wani rubutu na Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, ta yi sama da wata ɗaya a kaso kafin kotu ta sallame ta. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, an cire ɗauri daga hukuncin zagi da ɓata suna. A Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya maido da shi: shekara 1 zuwa 3 ga mai zagi ko ɓatanci, shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da ka iya tada zaune tsaye, ban da tarar miliyoyin sefa. A lura da kalmar "yaɗa". Wanda ya danna ya tura ma yana ciki, ko da ba shi ya ƙirƙira ba. Ni dai wannan "tada zaune tsaye" tana damuna, don riga ce mai faɗi, duk wanda aka ga dama ana iya zura masa. Talaka yana da haƙƙin ya ce asibiti ba magani ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin asirin da ke tonuwa a ƙauyukanmu ba jandarma ke tona shi ba. Je ka rumfar mai caji ranar kasuwa. Saluloli sun fi talatin jere a kan tebur, da yawansu ba makulli, masu su sun tafi cefane. Matar da mijinta ke Libiya, ba ta yi boko ba, sai ta miƙa wa yaron maƙwabta wayarta ya buɗe mata saƙo. Ya ji nawa aka aiko, ya ji abin da miji ke faɗa wa matarsa. Wani a ba shi kati ya zuba wa'azi ko fim, ya tsaya leƙen hotuna. Hoton budurwa ɗaya ya fita ta nan, baiko ya watse, iyaye su kasa haɗa ido da mutane a masallaci. Amana aka ci, irin wadda da a ce kuɗi ne aka ba shi ajiya, ba zai yarda ya taɓa ba.

Tun 2017 akwai dokar kare bayanan sirrin mutane, har da hukumarta, HAPDP, a Yamai. Daga Tajaye zuwa can tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma yarinyar da aka watsa hotonta ba ƙara take tunani ba. Tunaninta yadda za ta je rijiya gobe da safe.