Katin Bashi: Kariyar Mai Saye Da Tarkon Riba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, 'yan kasuwarmu masu odar kaya daga ƙetare da ma'aikata masu biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta a waje suna yawan tambaya: idan an biya da katin bashi, kaya ba su iso ba, ko sun iso da aibu, wa za a kama?

Mu fara da asalin abin. Katin Diners Club ya fito a Amurka a 1950, sannan BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. Banki ne yake biyan mai sayarwa nan take, daga baya ya bi mai katin bashi. Da yake banki ya shiga tsakani, sai hukumomi suka ɗora masa lamuni. Dokar Ingila ta 1974, sashe na 75, ta ce idan farashin kaya ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, mai sayarwa kuwa ya saɓa alkawari, to, mai saye yana iya bin bankin kuɗinsa kamar yadda zai bi mai sayarwa. Dokar Amurka ta wannan shekara ta ba shi kwana 60 daga aiko takardar lissafi, ya rubuta ƙorafi a kan kuskure.

Wannan haƙƙi ba baƙo ba ne gare mu. Malaman Malikiyya sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibun hajarsa, suka kuma ba mai saye zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa idan ya tarar da tsohon aibu. Amma in ya gani ya yi shiru, ya ci gaba da amfani da kayan, to ya yarda ke nan, zaɓinsa ya faɗi. Ashe ko'ina jinkiri shi ke kashe haƙƙi.

Sai dai zuma da harbi take tafe. Galibin waɗannan katuna suna ɗauke da sharaɗin ƙari idan wa'adin biya ya wuce, wannan kuwa ita ce riba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana mu'amala da kati mai irin wannan sharaɗi, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Ta halatta wanda ba shi da sharaɗin, tare da ƙayyadadden kuɗin hidima.

To, ina mafita? Yawancin katunan da ke hannun jama'a a Nijeriya na cirar kuɗin mutum ne daga asusunsa, babu bashi balle riba. Sashe na 75 bai shafe su ba, amma ƙa'idojin Visa da Mastercard sun ba banki damar ƙwato kuɗin daga bankin mai sayarwa idan kaya ba su zo ba. Saboda haka a adana rasit da duk wasiƙun ciniki, a fara neman mai sayarwa, sannan a rubuta wa banki ba tare da ɓata lokaci ba. In banki ya yi kunnen uwar shegu, a kai kuka Babban Bankin Nijeriya. Kada kuma a sa hannu a takardar kati sai an karanta sharuɗɗanta.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu daga hasara, Ya tsarkake ta daga haram. Amin.