Wa Ake Ba Labarin?

Wani dare cikin watan Fabrairu na 2008, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Julio Diaz ya sauka daga jirgin ƙasa a yankin Bronx na birnin New York, sai wani matashi ya zare masa wuƙa. Diaz ya miƙa masa walat ɗinsa ba musu. Yaron ya juya zai tafi ke nan, Diaz ya kira shi, ya ce in dai kwana zai yi yana tare mutane cikin wannan sanyi, to ya haɗa da rigar sanyinsa. Daga nan ya gayyace shi gidan abincin da ya saba zuwa. Suka ci suka ƙoshi. Da aka kawo lissafi, Diaz ya nuna masa cewa kuɗin ai suna hannunsa, amma in ya maido walat ɗin, shi zai biya. Yaro ya maido. Diaz ya ba shi dala 20, ya roƙi wuƙar a madadinsu, aka ba shi.

Wannan shi ne labari na farko cikin waɗanda malaminmu na darasin aikin rediyo ya turo mana a rukunin ajinmu na WhatsApp, ya ce kowa ya saurara ya rubuta abin da ya ji a ransa. Washegari ajin ya kaure da gardama. Wani ɗan ajinmu da aka taɓa ƙwace wa waya a cikin adaidaita, har yanzu da tabon a hannunsa, ya ce, "Malam, a zo a gwada a Kano mana." Aka bushe da dariya. Ni ban ce ƙarya Diaz ya yi ba, muryarsa ba ta mai shara ta ba ce. Abin da ya tsaya mini shi ne muryarsa kaɗai ake ji. Yaron fa? Yunwa ce ta fito da shi, ko ƙwaya, ko wani babba ne ya aiko shi? Washegari ya nemi wata wuƙar? Labari ne mai daɗi, amma da ƙafa ɗaya yake tsaye.

Duk labaran daga wuri ɗaya suka fito, wata ƙungiya ta Amurka mai suna StoryCorps. Wani ɗan jaridar rediyo, Dave Isay, shi ya kafa ta a watan Oktoba na 2003, kuma da ɗan ƙaramin ɗaki ya fara, a cikin babbar tashar jiragen ƙasa ta Grand Central da ke New York. Tsarin ba wuya. Mutum biyu da suka san juna, uwa da ɗa, mata da miji, ko aminai, su shiga su zauna suna fuskantar juna, makirfo a gaban kowa. Akwai ma'aikaci ɗaya da ke kula da na'ura. Minti 40 ake ba su, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. In an gama su tafi da kwafinsu, in kuma sun sa hannu sun yarda, a kai wani kwafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington a adana don na baya. Daga 2005 aka fara yawo da ɗakin a bayan mota gari-gari. A 2015 Isay ya ci kyautar TED ta dala miliyan 1, aka yi manhajar waya da kuɗin, ta yadda kowa zai iya ɗauka daga ɗakinsa. Mutanen da muryarsu ta shiga wannan taska sun haura rabin miliyan. Daga cikinsu ne ake zaɓo kaɗan, a tace su su koma minti biyu ko uku, gidan rediyon NPR ya sa su kowace safiyar Juma'a.

Labarin da ya hana ni barci na wata mata ce, Mary Johnson, daga birnin Minneapolis. A 1993 aka harbe ɗanta tilo, Laramiun Byrd, a wurin wani shagali, yana da shekara 20. Wanda ya harbe shi yaro ne ɗan shekara 16, Oshea Israel. Bayan shekara 12 Mary ta nemi ta gan shi a gidan yarin Stillwater. Da aka sake shi, sai ga shi ya zama maƙwabcinta, ƙofa na kallon ƙofa. A 2011 suka zauna gaban makirfo su biyu.

Da a jarida na karanta wannan, da na ce "Allahu Akbar" na buɗe shafi na gaba. Amma da daddare na saurare shi, an ɗauke wuta a ɗakin kwananmu, iyafis a kunne, babu abin da ido zai kalla. Oshea ne ke tuna mata ranar da suka fara haɗuwa: yadda suka rungumi juna da za a rabu, kuka ya ci ƙarfinta, ƙafafunta suka kasa ɗaukarta, shi kuma ya riƙe ta kada ta faɗi. Wato hannun da ya kashe mata ɗa shi ne ya tare ta. Ba ni yake ba wannan labari ba, ba kuma ɗan jarida ba. Ita yake ba, ita da ta san komai, don haka ba shi da damar ƙara gishiri, ba shi da inda zai ɓuya. Kana jin inda yake jan numfashi kafin ya fito da kalma. Ya shaida mata cewa ita ta yafe masa, amma shi bai gama yafe wa kansa ba. Ita kuma ta nuna masa cewa ba ta ga ɗanta ya kammala karatu ba, ba ta ga aurensa ba, tana fatan ta ga nasa. Har 'yar dariya suna yi wa juna a tsakani, kuma dariyar ce ta fi ruɗa ni.

A aji maganar ta koma kan addini, kamar yadda ta saba komawa a wurinmu. Mun taso mun san cewa shari'a ta ba magadan wanda aka kashe zaɓi tsakanin ƙisasi, diyya, ko afuwa, kuma afuwar ita aka kwaɗaitar. Amma a can jihar Minnesota doka ba ta ajiye wa uwa wannan zaɓi ba. Hukuma ce ke tuhuma, alƙali ya yanke. Yafiyar Mary ba ta cikin takardun kotu, ba a gaban dattawa aka yi ta ba, babu liman, babu mai unguwa. Wata ƙawata ta ce to mene ne amfaninta? Ni kuwa nan ne na ga nauyinta. Mun sha ganin an taru an ce "na yafe" don ganin idon manya, a tashi kowa da ƙullinsa a zuci, jikoki su gāji gabar. Ban taɓa jin wanda ya yafe har ya iya zaman maƙwabtaka ba.

Akwai kuma na Danny da Annie Perasa, wasu tsofaffin ma'aurata daga Brooklyn. Shi akawu ne a wurin cacar sukuwar dawaki, ita ma'aikaciyar jinya. Kullum safiya sai ya bar mata 'yar wasiƙar soyayya a kan tebur. Sun fara ɗaukar hirarsu a 2004, aka sake ɗaukarsu a gidansu a 2006 yana kwance da ciwon daji, kuma a ranar da aka sa hirar a rediyo ya rasu. 'Yan matan ajinmu sun so wannan ƙwarai. Samarin suka ce kuɗin cefane ya fi wasiƙa. Ni dai na lura cewa a ɗauka ta biyu muryarsa ta dushe, yana hutawa tsakanin jimla da jimla, amma bai bar tsokanarta ba.

Sai dai ban miƙa wuya gaba ɗaya ba. Mu da ake koya wa tace murya mun san abin da almakashi ke iya yi. Daga minti 40 zuwa minti 3, me aka zubar? Ƙila nan ne aka yi gardama, nan ne wani ya faɗi maganar da ba ta da daɗin ji, nan ne aka yi shiru mai tsawo wanda rediyo ba ya jurewa. Ga kuma kiɗa mai taushi da ake shimfiɗawa a ƙarshe. In ka jera goma ka saurara, za ka fara gane inda ake so hawayenka ya zubo, kamar yadda mai kallon fim ɗin Indiya ya san inda waƙa za ta shigo. Wannan bai mai da labaran ƙarya ba. Gaskiya ce da aka yi wa aski, kuma mai sauraro ya kamata ya san da wanzami a wurin.

Rabi na biyu na aikin da Malam ya ba mu shi ne kowa ya je ya ɗauko irin wannan hira a gidansu. StoryCorps ma tana yin haka tun 2015, tana sa ɗaliban sakandare su yi hira da wani babba a danginsu lokacin hutun bikin godiya na watan Nuwamba. Ƙungiyar har da jerin tambayoyi take bayarwa: wace rana ce ta fi maka daɗi a rayuwa, me kake nadama, yaya kuka haɗu da matarka. Na karanta su na yi dariya ni kaɗai. Ni, in zauna ido cikin ido da Baba, in tambaye shi yadda ya fara son Umma? Ƙasa ce za ta tsage in shige. Mu da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta ko yi masa wasa a gaban mutane, ina za a kai makirfo tsakaninsu?

Kuma ba don ba mu da labari ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa da hannu: harin masu kama bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, zaman kishi da ƙawance. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954, bayan tsohuwar, wadda ake kira Baba, ta rasu a 1951, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Maganarta muke da ita, muryarta babu. Yau kuwa kowane gida da rikoda a aljihu, amma duba wa ake ji a gidajen rediyonmu: ɗan siyasa, malami, ɗan fim. Talaka sai in ya kawo ƙorafi, ko gobara ta ci kasuwarsu.

Abin da na gano shi ne muna da ƙofa, ba dai inda Amurkawa suka sa tasu take ba. Kunyar da ta rufe tsakanin ɗa da mahaifi a buɗe take tsakanin jika da kaka. Don haka na nufi wurin Hajiya, mahaifiyar Baba. Na same ta tana tsintar wake a faifai, na ajiye waya a kan tabarma, na gaya mata ɗaukar magana zan yi.

"Ke kishiya, a rediyo za a sa ni?" ta ce. Ta ture faifai, ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta fara gaishe da masu sauraro na gida da na ƙetare, har da yi wa shugabanni addu'a.

Na bar ta ta gama. Sannan na ce, "Hajiya, an ce lokacin da aka canza kuɗi, sai da mai goro ya cuce ki don ba ki iya lissafi ba."

Nan take mayafi ya zame. "Wa ya gaya miki? Ni za a cuta?" Ta ja faifanta ta ci gaba da tsinta, magana ta ɓalle. Yadda a farkon 1973 aka ce fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, mutane suka ƙi sakin tsohon lissafi, ana riƙe da naira ana ce mata sule goma. Yadda take ƙulle sababbin kuɗin a wani gefen zani daban da tsofaffin. Nawa aka sayi kwallayenta na aure. Daga kuɗi ta zarce zuwa farin da aka yi a wannan shekarar, yadda gero ya ƙone a gona, yadda baƙi suka riƙa gangarowa daga arewa da sauran dabbobin da suka rage musu. Ban sake yin tambaya ba. Can sai ta ce a wannan shekarar ne kyanda ta shigo gari, ta ɗauke mata "yaron nan". Na ce wane yaro? Ta ce wanda Baba ke bi.

Duk tsawon rayuwata Baba na sani a matsayin ɗanta na fari. Shi take wa kara, shi ne ba ta kiran sunansa. Ashe akwai wani kafin shi, ya yi shekara biyu a duniya. Ba ta faɗi sunansa ba, ko a ranar. A cikin faifan ana jin ƙarar wake yana zuba a kwano, sai ya tsaya, ya daɗe bai ci gaba ba.

Da na kashe wayar ta ce, "Wannan na ƙarshen, kada ubanki ya ji. Ya sani, amma kada ya ji." Ta yarda in faɗa da bakina ko in rubuta, tunda ba sunan kowa, muryar ce ba ta so ta fita. A StoryCorps takarda ake sa wa hannu a kan irin wannan. Hajiya ba ta sa hannu a komai ba, amma sharaɗinta ya fi na takardar tsauri, don har da wanda ba zai saurara ba ta ambata.

Na yanke faifan gida biyu. Na canjin kuɗi na tace shi ya koma minti 3, ban sa masa kiɗa ba, na miƙa. Ɗayan na tura shi cikin imel ɗina don kada ya bi waya in an ƙwace ta. Malam ya ba ni maki mai kyau, ya rubuta a ƙasa cewa labarin ya yi armashi, amma nan gaba in nemi wuri marar hayaniya, don carar zakara ta danne maganar kwallaye.