Ma'ana da Amfanin Aikatau Diào a Sinanci

A Sinanci, aikatau diào (掉), mai karin sauti na huɗu, yana nufin faɗowar abu daga sama ko rabuwarsa da mazauninsa, kamar a yá diào le, wato haƙori ya faɗi. Idan abu tsayayye ne ya kife, kamar bishiya, dǎo (倒) ake cewa. Idan mutum ne ya yi tuntuɓe ya kai ƙasa, shuāi (摔). Hausa kuwa "faɗi" take cewa a duka ukun, kuma nan ne ɗalibi Bahaushe zai iya rikicewa.

Har ila yau, diào kan biyo bayan wani aikatau don nuna ƙarewa: chī (ci), chī diào (cinye), hē (sha), hē diào (shanye). Saboda haka, muna ba da shawarar malamai su gabatar da wannan amfani ta hanyar kwatanta shi da aikatau aji na huɗu na Hausa.