Kiwon Sha'awa da Haƙƙin da Ke Biye da Shi: Darasi Daga Wani Gida a Tudun Wada

Kwanakin baya na kai wa wani tsohon malamina ziyara a gidansa da ke Tudun Wada, Kaduna, can ciki kaɗan bayan an wuce Kasuwar Barci. Na yi sallama a bakin ƙofa, aka amsa mani da muryar Hajiya, matarsa, har da cewa in shigo. Da na shiga sai na tarar babu kowa a tsakar gida in ban da wani aku a cikin keji yana kallona da gefen ido. Ashe Hajiya tana ɗaki tana sallar La'asar, Malam kuma bai dawo daga masallaci ba. Wannan aku, da wata farar kyanwa, da tattabaru kimanin 20 da ke saman ɗakin girki, su ne abokan zaman dattawan nan biyu tun da suka aurar da autarsu, aiki kuma ya watsa 'ya'yansu maza zuwa Abuja da Legas. Abin da na gani da wanda na ji a gidan ranar shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin irin wannan gida yana ƙaruwa a cikinmu, mu 'yan boko, alhali ba mu zauna mun yi tunanin abin da ya hau kanmu ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara faɗo mani a rai shi ne Hausa ba ta da kalma guda da take kiran dabbar da mutum ya ajiye don sha'awa da ɗebe kewa kawai, kamar yadda Turanci yake da ita. Abin da muke da shi shi ne kiwo, kiwo kuwa a wurin Bahaushe jari ne. Akuya ta haihu a sayar, rago a yi layya ko suna, kaza a yanka wa baƙo, shi ya sa ma ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Duk wanda ya leƙa Zangon shanu da ke nan Tudun Wada ya ga wannan fahimta da idonsa. Kare na gadi ne da farauta, jaki na kaya, kyanwa kuma ta ɓera. Ita kyanwar ma, duk da yawan sunayenta a karin harshe daban-daban, wasu su ce mage, wasu mussa, wasu kuliya, namijin kuma muzuru, ba kasafai ake jin Bahaushe ya ce "kyanwata" ba, sai dai ya ce "kyanwar gidanmu". Wato a tunaninsa ita ta gida ce, ba ta wani mutum ɗaya ba.

Wannan magana ta dace da gidajenmu na da. A babban gida mai zaure da sassa da yawa, ba a rasa mace ko yaro a tsakar gida, ba a rasa guntun tuwo da ruwa a gindin randa, katanga kuma ta ƙasa ce, kyanwa ta haura maƙwabta ta dawo lokacin da ta ga dama. Ba wanda ya ɗauki nauyinta, ba ta kuma kwana da yunwa. To amma gidan ma'aikacin yau daban ne: katangar bulo mai tsawo da fasassun kwalabe ko waya a samanta, ƙofar ƙarfe, tagogi masu raga, mutum biyu ko uku a ciki. Da zarar an datse ƙofa an murza makulli, dabbar da ke ciki ba ta da wata hanyar ci da sha sai abin da aka ajiye mata. Mun sauya fasalin gida, amma mun riƙe tsohon tunanin cewa kyanwa ba ta rasa yadda za ta yi, kuma a nan ne ɓarna take aukuwa.

Malam bai ɓoye mani cewa da hasara suka koyi wannan darasi ba. Kyanwowinsu biyu ne a da. Wata Ƙaramar Sallah da ta faɗo tsakiyar bazara suka tafi garinsu a Jihar Katsina da niyyar kwana biyu. Aku da tattabaru suna waje, maƙwabci yana zuba masu hatsi ta ƙofar baya, kyanwowin kuwa aka rufe su a ɗaki da abinci da kwanon ruwa, aka bar makulli a hannun wani yaro da ke yi masu aike. Suna can aka yi rasuwa a dangi, kwana biyu ya zama shida, yaron kuma ya samu mota ya tafi nasu garin da makullin a aljihu. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Kaduna, a ɗakin kwano da ke rufe babu wuta babu iska, ya san ruwan kwano ɗaya ba ya kai ko'ina. Da suka dawo ɗaya ta riga ta mutu, ɗayar kuma da ƙyar aka ceto ta. Hajiya ta ce mani: "Dakta, wallahi na fi wata ina neman gafarar Allah, don ni na rufe ƙofar nan da hannuna."

Tun daga lokacin suka kafa wa kansu doka. Ba sa tafiya tare fiye da kwana ɗaya sai sun samu baligi amintacce da zai kwana a gidan, makulli kuma biyu ne a hannun mutum biyu. In biki ne a Abuja, ɗaya ya bi jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016 ya je ya wakilci gidan, ɗaya ya zauna. Ko da za su tafi Umra sai da suka ɗauko wani jikansu ya yi hutu a gidan. Dangi sun yi ta surutu, wasu suna cewa Malam ya tsufa ya zama bawan mage. Amsarsa ɗaya ce, cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Bayan tafiya sai yanayi, wanda a gidan yake da jadawali kamar na makaranta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, aku ne abin damuwa, domin asalinsa tsuntsun kurmi ne mai danshi, daga kudancin ƙasar nan zuwa Kamaru da Kongo. Da dare Hajiya takan lulluɓe kejinsa da tsohon bargo, da hantsi ta yayyafa masa ruwa, ba ta kuma yarda a shiga da gawayi ɗakin da yake ko a tayar da janareta kusa da shi, don hayaƙi ya fi saurin kashe tsuntsu a kan mutum. A wannan lokaci ne kuma cutar Niyukasil, wadda ke murɗe wuyan tsuntsu, ta fi yi wa kaji ɓarna a ƙasar Hausa, tattabaru ma suna da irin tasu. Malam ba ya haɗa sabuwar tattabara da nasa sai ta yi mako biyu a ware, ɗabi'ar da ya ce ya koya tun Fabrairun 2006, sa'ad da aka fara gano murar tsuntsaye a ƙasar nan a wata gonar kaji da ke Jaji, nan Jihar Kaduna. In bazara ta shigo, aikin shi ne inuwa da sauya ruwa safe da yamma. Da damina kuwa sai ƙuma da kaska da sauro, kuma a nan mutane da yawa ke kashe dabbobinsu da hannunsu ba su sani ba, ta hanyar fesa maganin ƙwari mai ƙarfi a ɗaki a rufe da kyanwa a ciki, ko zuba gubar ɓera, ɓeran ya ci, kyanwa ta ci ɓeran.

Mai karatu, batun rashin lafiya shi ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Mun saba da shiga kemis mu sayi magani ba tare da ganin likita ba, kuma mukan yi wa dabbobinmu irin wannan karambani. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa guba ce ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Albasa da tafarnuwa da ke cikin miyarmu suna lalata jinin kyanwa da na kare in suka yi yawa. Mace mai juna biyu bai kamata ta riƙa kwashe kashin kyanwa da hannu ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan iya taɓa ɗan da ke ciki, mai ciwon asma kuma gashinta kan iya tayar masa da ciwo. Waɗannan abubuwa ne da ilimi ya tabbatar, saɓanin camfin da ke sa yara jifan baƙar kyanwa da sunan mayya ce ko aljana.

Babbar cutar da ta shafi kowa, har wanda ba ya kiwo, ita ce haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da kaso mai yawa a ciki. Cizon kare ne ke kawo kusan dukkanta, amma kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi, alhali allurar rigakafi ga dabba, da wanke wurin cizo da ruwa da sabulu na minti 15, da garzayawa asibiti nan take, suna hana ta. An ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa a kanta. Ba mu kuma da uzurin cewa babu masana, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924 kuma take sarrafa alluran rigakafi, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga likitocin dabbobi a cikin garin Kaduna. Katin allurar kyanwar Hajiya yana cikin jaka ɗaya da katin asibitinta.

Ciwo kuma ba dabba kaɗai yake kamawa ba. Bara aka kwantar da Hajiya a asibiti kwana 12 saboda hawan jini. Malam, wanda a da yake cewa "kyanwar Hajiya", shi ya koma saye da dafa kan kifi. Kyanwar ta ƙi cin abinci kwana biyu, tana kwance a ƙofar ɗakin Hajiya, akun kuma da magariba sai ya ɗauki muryarta ya ce, "Malam, abinci ya sauka," a gidan da babu ko wuta a murhu. Ranar da ta farfaɗo sosai, tambayarta ta farko ita ce, "Malam, ka ba su ruwa?" Ya ce, "Hajiya, ni ba ki tambaya ko na ci ba, sai su?" Ta ce, "Kai kana da bakin faɗa." Malam ya ce mani a kwanakin nan larurar tashi ya ciyar da su ce ta hana shi zama ya yi ta saƙe-saƙe.

Akun nan kansa yana ɗauke da wata tambaya. Malam ya same shi tun shekarun 1990, kuma irinsa kan kai shekara 40 ko fiye a hannun mutane, ke nan yana iya riga masu gidan tsawon kwana. Tuni Malam ya tara 'ya'yansa ya sa ɗaya ya amsa cewa shi zai karɓe shi. Ga mai sha'awar sayen sabo kuwa, ya kamata ya sani cewa yawan kama wannan tsuntsu a daji ya rage shi matuƙa, har taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg a 2016 ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda ke hannu a riƙe shi da kyau, na daji kuma a bar shi a dajinsa.

Na san wani zai ce, a wannan zamani da tsadar rayuwa ta gallabi jama'a tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wane ne ke da lokacin kyanwa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya sayo kare ko kyanwar ƙasar waje don alfahari, yana ba ta abincin gwangwani alhali ya riƙe albashin maigadinsa, ya cancanci zargi. Amma a gidan da nake magana a kai, kuɗin abin da dabbobin ke ci bai taka kara ya karya ba, kan kifi ne da guntun tuwo da mudun dawa, kuma daga tukunyar gidan almajiran unguwa ke samun na dare. Addininmu ma bai raba jin ƙai gida biyu ba. Sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk mai gidan bulo da ƙofar ƙarfe ya dubi kalmar "tsarewa" a wannan labari da kyau.

A taƙaice, babu wanda aka wajabta wa ajiye kyanwa ko aku ko tattabara. Amma wanda ya yi niyya, kafin ya karɓo ya tambayi kansa wa zai kula da ita in ya yi tafiya, ina za ta fake da hunturu da bazara, wane likita zai kira in ta kwanta, wa kuma zai riƙe ta in shi ya kwanta. In bai da amsa, barin ta a inda take ya fi masa alheri. Tunda harshenmu bai tanadi suna ga irin wannan kiwo ba, ina ba abokan aikina masu ƙirƙirar kalmomi shawarar mu kira shi kiwon amana, ko sunan ya riƙa tuna mana cewa za a tambaye mu. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.