Sifirin da Yakan Ɓace a Fom

A Mai'aduwa, iyakar masarautar Daura da Jamhuriyar Nijar, mai tattara bayanan lafiya yakan gamu da uwa mai lambar wayar Nijar, wadda alƙalumanta 8 ne. Fom ɗin intanet kuwa gurbi 11 aka yanka masa, irin na Nijeriya, sai ya ƙi karɓa. Ma'aikaci yakan cike giɓin da sifiri don dai ya wuce.

Abin ya fi muni wajen gyaran bayani. Muddin kwamfuta ta ajiye lamba a matsayin adadin lissafi, sifirin farkon 0803 yakan faɗi, sauran alƙaluma su gusa zuwa gurbin da ba nasu ba. Ranar rigakafin jariri, a buga waya, wani daban ya ɗauka.