Yadda Dillalan Motoci Ke Neman Shiga Sahun Gaba a Google

A ƙasar Amurka, masu neman mota da yawa sukan fara tambayar Google kafin su taka zuwa wurin dillali, kuma ba kowa ke da haƙurin wuce shafin farko na amsoshin ba. Saboda haka dillalin da sunansa ya faɗa can baya, ko da filinsa cike yake da motoci, ciniki sai ya wuce shi.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a 1998, ma'auninsu na farko shi ne yawan shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi da kuma darajarsu. Da 'yan kasuwa suka gane haka, sai waɗansu suka shiga dabaru. A 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, domin an cusa masa kalmomin da aka tanada don injin bincike kawai. A 2011 aka fito da gyaran da ake kira Panda, wanda ya danne shafuka marasa ƙwari da na kwafe, sa'an nan Penguin ya biyo baya a 2012 don maganin masu sayen nuni da kuɗi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Dillalai da yawa sukan kwafe bayanin da masana'anta ta rubuta su liƙa, har a sami shafuka barjat masu magana iri ɗaya, watau Google ba shi da dalilin fifita ɗaya. Wanda ya rubuta gaskiyar kowace mota, da tafiyar da ta yi, da farashinta, da hotunanta na ainihi, da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, shi ne ya ba mai saye abin da babu a wani wuri. Aikin da wahala, amma shi ne mai amfani.

Game da neman dillali na kusa kuwa, Google ya ce yana duba dacewa da nisa da shahara, don haka adireshi da lokutan buɗewa su zama daidai. Tun 2015 kuma yake fifita shafin da ke karantuwa a wayar hannu. Idan an sayar da mota, gara a karkata shafinta zuwa ga makamantanta maimakon a bar mai nema ya tarar da wayam.