Yara da Aikin Sa-kai a Jirgin Ƙasa: Me Doka Ta Ce?

A Ingila, wata dokar 1920 ta daɗe tana hana 'yan ƙasa da shekara 16 aikin sa-kai a tsoffin jiragen ƙasa masu ƙona kwal da ake adanawa don tarihi.

A Abuja kuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ce ke aiki. Duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ba a sa shi aikin masana'antu sai a makarantar koyon sana'a da hukuma ke sa wa ido. Dokar Ƙwadago ma ta hana ɗan ƙasa da shekara 16 aiki da inji. Kariyar ta dace.

Amma kallo ba laifi ba ne. Malamai, ku kai ɗalibai tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke Abuja, su ga yadda jirgin da ke zuwa Rigasa ke tashi, su yi tambaya.